Raifil ɗin da Ta Ari Sunan Fistol: Martani

Makalar da wani marubuci ya wallafa kwanan baya a kan gajerun bindigogi ƙirar AR da Amurkawa ke rububin saye ta cancanci amsa, domin ya san makamar abin da yake magana a kai, har mai karatu zai iya tashi yana ganin babu sauran zance. Hujjarsa ita ce farin jinin waɗannan bindigogi, waɗanda dokar Amurka ke lissafawa cikin fistol alhali ƙirar raifil gare su, daga amfaninsu kaɗai ya fito. Ba su da tsawo, suna juyuwa a lungun gida, tsoho da mai lalurar hannu suna iya riƙe su, idan kuma aka ɗora musu 'yar na'urar saiti mai jan ɗigo, ko sabon shiga zai sami abin da ya auna. Daga nan ya yanke hukuncin cewa duk yunƙurin da hukuma za ta yi na sa musu ido cin zalin masu bin doka ne. Kusan duk siffofin da ya lissafa na yarda da su. Inda muka raba gari shi ne abin da siffofin ke nunawa. A ganina, babban abin da ya buɗe wa wannan bindiga kasuwa shi ne tana ba mai ita ƙarfin raifil ba tare da ɗawainiyar da doka ta ɗora wa gajeriyar raifil ba, kuma siffofin da ya yaba su ne dai suka sa aka kafa waccan doka tun farko.

Dokar ta samo asali ne a 1934, lokacin da Amurka ke fitowa daga shekarun haramta barasa, shekarun da gungun 'yan daba irin na Al Capone suka mayar da titunan Shikago fagen fama. Kisan mutum bakwai da aka yi a wani gareji na birnin a watan Fabrairun 1929 bai bar zukatan jama'a ba, sannan a 1933 wani ya buɗe wuta a Miami a kan zaɓaɓɓen shugaban ƙasa Franklin Roosevelt, harsashin ya sami magajin garin Shikago ya zama ajalinsa. Daftarin farko da gwamnati ta kai majalisa ya haɗa da fistol, kuma an sa gajeriyar raifil a ciki ne don kada mutum ya kauce wa doka ta hanyar yanke bututun doguwar bindiga ya soke ta a ƙarƙashin riga. Majalisa ta cire fistol kafin ta amince, amma ta bar gajeriyar raifil, tare da wajabta rajista da harajin dala 200, wanda a kuɗin yau ya haura dala 4,000. An fara sa iyakar bututu a inci 18, a 1960 aka sauko da ita zuwa inci 16 ga raifil. Marubucin ya ambaci wannan tarihi don ya nuna dokar gurguwa ce tun haihuwa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Abin da ya tsallake shi ne dalilin da 'yan majalisar suka hango, wanda bai tsufa ba: bindigar da ke da ƙarfin raifil kuma take ɓoyuwa a jiki ta haɗa haɗari biyu da a da kowanne yake zaman kansa.

A duba bindigar da kanta. Eugene Stoner ya zana AR-15 a ƙarshen shekarun 1950 a kamfanin ArmaLite, kuma tsarinta na buƙatar wani bututun ƙarfe da ke fitowa ta baya, inda sifirin da ke mayar da injinta yake zaune. A kan wannan bututu ake zura gindin da ake dafawa a kafaɗa. Idan kamfani ya ƙera ta da gajeren bututun gaba ya bar na baya tsirara, sai doka ta kira ta fistol. Sauran kayanta duk ɗaya ne da na raifil: kunama, gidan harsasai mai cin 30, da harsashin 5.56 irin wanda sojojin Amurka ke zubawa a M4. Samfurin Ruger AR-556 da ake sayarwa da sunan fistol yana da bututu inci 10.5 da nauyin da ya kusa kilo 3, alhali Glock 17 da 'yan sanda ke ratayawa ba ta kai kilo ɗaya ba ko da cike take da harsasai. Dokar tarayya ta bayyana fistol a matsayin bindigar da aka tsara don a harba da hannu ɗaya. Duk wanda ya miƙa hannu da abu mai nauyin kilo uku ya yi ƙoƙarin tsayar da shi cak zai gane nisan da ke tsakanin bindigar da wannan bayani. Shi ya sa shekara da shekaru irin waɗannan bindigogi suka zauna a gefen kasuwa, sai masu son abin ban mamaki ke sayensu.

Abin da ya juya kasuwar shi ne matokarin hannu. A 2012 wani tsohon soja, Alex Bosco, ya ƙirƙiro wani abu na roba mai maɗauri da ake zurawa a kan bututun baya, ya rungume damtsen mai harbi, bayan ya ga abokinsa da ya sami naƙasa a aikin soja yana fama da riƙe bindiga a filin koyon harbi. Hukumar ATF, mai kula da harkar bindigogi a tarayya, ta amince cewa ɗora shi ba ya mayar da fistol raifil, kuma a 2013 kamfanin SIG Sauer ya fara sayar da shi. A nan marubucin ya fi jan hankali, domin ya gabatar da abin a matsayin tallafi ga naƙasassu, kuma babu mai hankalin da zai ƙi a sauƙaƙa wa wanda ya rasa hannu a fagen daga. Sai dai alƙaluma ba su tsaya inda ya tsaya ba. ATF ta ƙiyasta cewa akwai irin waɗannan matokarai tsakanin miliyan 3 da miliyan 7 a hannun jama'a, sashen bincike na majalisar dokoki kuma ya kai ƙiyasinsa tsakanin miliyan 10 da miliyan 40. Ko ƙaramin adadin aka ɗauka, ba a isa a ce duka masu lalurar hannu ne suka saya ba. Siffar matokarin ma ta yi ta sauyawa daga samfuri zuwa samfuri: bayansa ya ƙara faɗi, ya ƙara tauri, ya zama ana ja a tsawaita shi daidai kafaɗar mai shi, maɗaurin kuma ya koma ado. A faifan bidiyon da masu tallata bindigogin ke ɗorawa a YouTube, da wuya a ga wanda ya ɗaure shi a damtse. A kafaɗa suke dafa shi, su kwantar da kunci su harba. An dai sake wa tuwo suna ne, kuma mai saye da mai sayarwa duk sun san haka.

Zan ba marubucin gaskiyarsa a kan yadda hukuma ta tafiyar da lamarin, domin ta yi rawar 'yan mata. A Janairun 2015 ATF ta fitar da wasiƙa tana cewa wanda ya dafa matokarin a kafaɗa ya mayar da bindigarsa gajeriyar raifil, a 2017 ta janye, sannan a Janairun 2023 ta fitar da ƙa'idar da ta jefa yawancin waɗannan bindigogi ƙarƙashin dokar 1934, ta ba masu su kwana 120 su yi rajista kyauta, ko su cire matokarin, ko su miƙa bindigar. Mallakar gajeriyar raifil ba rajista laifi ne da ɗaurinsa ke iya kai shekara 10, saboda haka mutumin da ya sayi kayansa a kanti da rasit yana da dalilin jin an yaudare shi. Rajistar da aka nema ba ta wuce kimanin 255,000 ba. A watan Yunin 2024 alƙali Reed O'Connor na kotun tarayya a Teksas ya soke ƙa'idar. Amma marubucin ya karanta hukuncin kamar kotu ta wanke bindigar ne, alhali a kan hanyar da aka bi aka yi shari'ar. Hukumar ta nuna wa jama'a daftari mai jadawalin maki, suka yi sharhi a kansa, daga baya ta fitar da wani abu dabam mai sharuɗɗan da ba su fito fili ba. Wannan ya saɓa wa dokar da ke tsara yadda hukumomi ke yin ƙa'idoji. Abin da hukuncin ya tabbatar ke nan. Bai taɓa nauyin bindigar ko gudun harsashinta ba.

Batun kare gida shi ne ƙashin bayan makalar, kuma a nan ne hujjar ta fi rauni. An tsara harsashin 5.56 ne don bututu mai inci 20 irin na M16, inda yake fita da gudun da ya kai wajen mita 950 a daƙiƙa. Idan aka rage bututun zuwa inci 10, albarushin ba ya gama ƙonewa a ciki, sai ragowar ta tashi a waje: wuta ta fito daga bakin bindigar, ƙarar kuma ta haura desibel 160, alhali daga 140 kunne ke fara lalacewa ko da harbi ɗaya ne. A yi tunanin wannan a cikin ɗaki, da tsakar dare, babu abin toshe kunne, ga yara a ɗakin da ke maƙwabtaka, bangon kuma na allon filasta ne kamar yadda aka saba a gidajen Amurka. Sojojin musamman da ke amfani da gajeren samfurin MK18 suna shiga gini ne da kariyar kunne, sau da yawa da na'urar rage ƙara, bayan horo mai tsawo. Duk da wannan asara, harsashin yana fita daga gajeren bututun da gudun wajen mita 800 a daƙiƙa, ya ninka na fistol mai milimita 9 fiye da sau biyu, kuma wannan gudu ya isa ya huda rigar sulke mai laushi da ɗan sanda ke sawa kullum, wadda don harsashin fistol aka yi ta. Ko Kotun Ƙoli, a shari'ar Heller ta 2008 da masu kare 'yancin riƙe bindiga ke tinƙaho da ita, dalilan da ta bayar na fifita fistol wajen kare gida sun haɗa da cewa marar ƙarfi zai iya ɗaga ta, kuma mutum zai iya nuna ta ga ɓarawo da hannu ɗaya yana kiran 'yan sanda da ɗayan. Bindiga mai kilo uku da ake kamawa da hannu biyu ba ta cika waɗannan siffofi ba, sai dai ta ci gajiyar sunan. Kuma gajiyar tana da yawa: a jihohi da dama mai lasisin ɗaukar fistol yana iya ajiye ta a mota cike da harsasai, inda dokar farauta ta hana a yi haka da raifil, sannan yana iya ƙetare iyakar jiha da ita ba tare da neman izinin da ake nema wa gajeriyar raifil mai rajista ba.

Game da na'urar jan ɗigo kuwa, ba ni da rigima da ita a karan kanta. Fasaha ce mai kyau. Tsohon saiti na ƙarfe yana tilasta wa ido ya daidaita abu uku a lokaci guda: tsagin baya, tsinin gaba, da abin da ake hari, alhali ido abu ɗaya yake iya gani tar. Na'urar tana haska ɗan ɗigon wuta a kan gilashi mai lanƙwasa, sai mai harbi ya bar idanunsa biyu a buɗe, ya kalli abin da yake hari, inda ɗigon ya sauka nan harsashi zai je. Kamfanin Aimpoint na ƙasar Suwidin ya fitar da ta farko mai batir a 1975, rundunar sojan Amurka ta fara saye da yawa a 1997, Trijicon ya fito da 'yar ƙaramar RMR a 2009, daga baya masu araha irin na Holosun da ake ƙerawa a Sin suka sa ta shiga hannun kowa. Wasu samfuran suna shekaru a kunne da batir guda. Maharbin barewa da idonsa ya fara rauni ya amfana, haka ɗan sandan da ke son ganin hannun wanda ke gabansa kafin ya yanke shawara. Marubucin ya ce harbin da ya sami wurinsa ya fi aminci ga na gefe a kan wanda ya kauce, kuma haka ne idan mai bindigar mutumin kirki ne. Amma na'urar ba ta tambayar niyya. Abin da take yi shi ne rage watannin da mutum zai yi yana koyon saiti kafin ya iya samun mutum mai gudu, kuma ragin yana zuwa wa kowa daidai. Akwai kuma dalilin da ya sa ta zama abokiyar tafiyar wannan bindiga wanda makalar ba ta faɗa ba. Madubin hangen nesa na raifil sai an kawo ido kusa da shi yake aiki, don haka ɗora shi shaida ce cewa a kafaɗa ake harba bindigar, kuma ƙa'idar ATF ta lissafa wannan cikin abubuwan da take dubawa. Jan ɗigo kuwa yana aiki ko a nesa ko a kusa, saboda haka mai bindigar zai iya cewa da miƙaƙƙen hannu yake harbi, ya juya ya dafa ta a kafaɗa, na'urar ba za ta tona shi ba.

Abin da haɗuwar waɗannan siffofi ke haifarwa an gan shi. Ranar 4 ga Agustan 2019, a birnin Dayton na jihar Ohayo, wani ya buɗe wuta a unguwar shaƙatawa da fistol ƙirar AR mai matokari da gidan harsasai mai cin 100. 'Yan sanda suna kusa, suka harbe shi cikin kimanin daƙiƙa 30, amma kafin nan ya kashe mutum tara. Ba za a taɓa samun ɗaukin da ya fi wannan sauri ba, kuma bai isa ba. Ranar 22 ga Maris 2021, a wani babban kanti a Boulder ta jihar Kolorado, wani ya kashe mutum goma da Ruger AR-556 ɗin da na ambata, cikinsu har da ɗan sanda Eric Talley, mahaifin yara bakwai, wanda ya shiga kantin don ceton jama'a. Maharbin ya sayi bindigar ne kwana shida kafin harin, kamar yadda ake sayen kowace fistol. A makarantar Covenant da ke Nashville, ranar 27 ga Maris 2023, inda aka kashe yara uku 'yan shekara tara da manya uku, ɗaya daga cikin bindigogi ukun da aka shiga da su irin wannan ce. Yana yi mini nauyi in ga an rubuta doguwar makala a kan daɗin riƙon wannan makami ba a ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan garuruwa ba.

Amsar da za a ba ni a bayyane take, kuma tana da ƙarfi. Alƙaluman FBI na 2019 sun nuna cewa cikin kisan kai 10,258 da aka yi da bindiga, 6,368 da fistol aka yi su, raifil kowace iri 364 kacal. A 2021 Amurkawa 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga, fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Wanda ke son rage yawan mace-mace ba daga matokarin hannu zai fara ba, wannan gaskiya ne. Sai dai akwai abu biyu. Na ɗaya, tunda a takarda fistol ce, jadawalin da ke raba fistol da raifil ba zai iya nuna rabon wannan bindiga ba, ga kuma fiye da kisa 3,000 a wannan shekarar da ba a bayyana nau'in bindigar ba. Ba za a ɓoye abu a cikin wani rukuni sannan a kafa hujja da cewa bai fito a ɗaya rukunin ba. Na biyu, doka ba yawan aukuwa kaɗai take aunawa ba, tana auna girman ɓarnar da mutum ɗaya zai iya yi kafin a cim masa. Bindigar mashin ba ta cikin makaman da aka fi kisa da su a Amurka, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne tun 1934 take ƙarƙashin rajista, a 1986 kuma aka rufe rajistar sababbi ga farar hula. Ƙarancin laifi da makamin da aka sa wa ido shaida ce ga amfanin sa idon.

Saura ƙorafin cewa inci 16 iyaka ce ta son rai, tunda bambancin rabin inci ba ya sauya komai. Kowace iyaka ta doka haka take: wanda ya rage kwana ɗaya ya cika shekara 18 bai fi wanda ya cika ƙarancin hankali ba, amma ba a soke shekarun zaɓe saboda haka ba. Idan an ja layin a wurin da bai dace ba, majalisa ta sake ja bisa abin da bindiga ke iya yi, wato harsashin da take ci, tsawonta gaba ɗaya, da ko ana dafa ta a kafaɗa, ta kuma keɓe wa masu naƙasa hanya mai sauƙi. Hujjar tsada ma ta faɗi, domin dokar da Shugaba Donald Trump ya sa wa hannu ranar 4 ga Yulin 2025 ta mayar da harajin dala 200 na gajeriyar raifil sifiri daga Janairun 2026, jiran watanni da aka saba kuma ya ragu sosai tun da aka koma cike takardun ta intanet. Abin da ya rage a kan wanda ke son gajeriyar raifil mai gindi na gaske, a jihohin da suka halatta ta, shi ne ya ba da hotonsa da zanen yatsunsa, a binciki tarihinsa, a rubuta lambar bindigar da sunansa. Mai kare iyalinsa da marubucin ya zana mana ba shi da abin da zai rasa a cikin waɗannan sharuɗɗa, zai ma sami bindigar da ta fi zama daram a kafaɗa. Idan har bayan an cire kuɗi da jira mai saye yana zaɓar matokari a kan gindi, to abin da yake biya shi ne kada sunansa ya shiga rajista, da kuma damar yawo da raifil a wuraren da fistol kaɗai doka ta yarda a shiga da ita.